Yaron Ajingi da Ya Je Ganin Teku

A garin Ajingi an yi wani yaro mai ƙoƙari a makaranta. Ubansa, Malam Gwadabe, manomi ne. Gyaɗa da dawa yake nomawa. Uwarsa, Barira, ba ta yi boko ba, amma ba ta wasa da tarbiyya. Yaron shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa. Sai dai ta ce, "Kai ɗan nan."

Yaron ba shi da ƙiwa, ba shi da rashin kunya. Aibinsa ɗaya ne. In ransa ya so abu, idonsa ba ya ganin komai sai wannan abin.

A Gaya ya yi sakandare. A can ya zauna a gidan su abokinsa Kashim. Kakannin Kashim daga Barno suka zo, sun daɗe a Gaya suna noma da fatauci. Uwar Kashim, wadda ake kira Ya Zara, ta riƙe yaron kamar ita ta haife shi. Kwano ɗaya suke ci da Kashim, tabarma ɗaya suke kwana.

Da suka gama, Allah ya taimake su, aka ɗauke su karatu ƙasar Masar su biyun. Amma ba gari ɗaya aka kai su ba. Yaron aka ajiye shi a Alƙahira. Kashim aka kai shi Iskandariyya, wani babban gari na bakin teku.

Shekarar farko Larabci kawai ake koya musu. A ƙarshenta akwai jarrabawar baka. Mutum zai zauna gaban malamai, su yi ta tambayarsa, shi kuma yana amsawa. Wanda ya faɗi, akan ba shi dama ta biyu. Wanda ya sake faɗuwa, sai ya tattara kayansa ya koma gida.

Yaron harshensa ya kama Larabci da wuri. Kashim kuwa yana karantawa sarai, amma in aka ce ya yi magana, sai baki ya yi masa nauyi.

Makarantar yaron ta riga ta Kashim yin jarrabawa. Ya ci, aka ba su hutu. Tun daga ranar ƙafarsa ba ta zauna ba. Ya je bakin Kogin Nilu. Ya shiga tsofaffin masallatai. Ya je ya ga dalolin dutse, waɗanda suka fi dalar gyaɗa da ubansa ke ba shi labari girma. Duk inda ya je sai ya ɗauki hoto ya tura wayar ƙanwarsa, don a nuna wa mutanen gida.

Wata rana Barira ta ce masa a waya, "Kai ɗan nan, karatu aka tura ka ko yawon ido?"

"Hutu muke yi, Inna."

"To. A dai riƙa yi ana duba gaba."

Abu ɗaya ya rage masa, shi ne teku. Kafin ya bar gida, ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne kogin Wudil. An gaya masa teku ba ta da ɗaya gaɓar. Shi dai sai ya gani da idonsa.

Su uku ne a ɗakinsu: shi, da Usaini ɗan Kademi, da Badaru ɗan Gafasa. Wata safiya ya ce musu, "Ku tashi mu je Iskandariyya. Ina da ɗan'uwa a can. Ga masauki, ga abinci, ga teku."

Badaru ya miƙe tsaye. "Ni ko yanzu ka ce mu tafi, takalmina yana ƙafata."

Usaini mai sanyin hali ne. Ya ce, "Ka gaya masa muna zuwa?"

Yaron ya yi dariya. "Kai ma dai! A Kademi in za ka gidan yayanka, aike kake yi? Sallama kawai zai ji."

"Nan ba Kademi ba ne."

"Shi kuma Kashim ai ɗan Gaya ne. Tashi mu je."

Suka hau jirgin ƙasa. Da rana tsaka suka isa. Suka yi tambaya har suka sami gidan da Kashim yake haya, suka hau bene suka buga ƙofa.

Kashim ya buɗe, littafi a hannunsa. Ya tsaya cak. Sannan ya washe baki ya rungume abokinsa.

"Lale, lale! Manomin gyaɗa, yau kai ne a garinmu?"

"Babarbare, ka rame! Ba sa ba ka abinci ne?"

"Kifi muke ci, ba ƙuli-ƙuli ba. Ku shigo, ku shigo."

Ɗakin ƙarami ne. Gado ɗaya, tabarma ɗaya. A kan tabarmar littattafai ne a buɗe, wani kan wani. Kashim ya yi maza ya tattara su ya tura ƙarƙashin gado.

Yaron ya gani. Ya ce, "Ba ku gama jarrabawa ba ne?"

"Saura ta baka. Tana nan tafe cikin makon nan."

"To ko mun zo a mugun lokaci?"

"Haba! Wace irin magana ce wannan? Ba komai, wallahi. Ai gidanku ne."

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san mai gida ba shi da wata amsa sai wannan. Yaron ma ya sani. Amma ta taga iska mai sanyi tana shigowa, tana ɗauke da ƙamshin ruwa. Sai ya ajiye jakarsa ya ce, "To madalla."

Kashim ya shiga hidima. Akwai ɗan tsakin gero da Ya Zara ta aiko masa, yana ta tattalinsa. Ya juye shi duka, ya yi musu burabusko da miyar kuka. Suka ci suka suɗe hannu. Ya ba mutum biyu gado, ya ba ɗaya tabarma. Shi kuma ya shimfiɗa sallaya a bakin ƙofa.

Washegari ya kai su bakin teku.

Yaron ya tsaya baki buɗe. Ruwa ne shuɗi har inda ido ya tsaya. Yana tasowa, ya bugi duwatsu, ya koma, ya sake tasowa. Babu ɗaya gaɓar, kamar yadda aka gaya masa.

"Allahu Akbar," in ji shi.

Badaru ya naɗe wando ya shiga. Ya ɗebi ruwan a tafi ya kurɓa. Nan da nan ya tofar.

"Kai! Wane mugu ne ya zuba gishiri?"

Suka fashe da dariya. Badaru ya goge baki ya ce, "Duk da haka, da a Gafasa ruwan nan yake, da mun yi noman rani har mu gaji."

Usaini ya ce, "Da gishirin? Sai dai ka noma kanwa."

Daga nan Kashim ya kai su wata tsohuwar ganuwa ta dutse da ke kan ruwa. Ya kai su wani ƙaton gidan littattafai. Ya kai su kasuwar kifi, inda suka ga kifin da ya fi akuya girma. Shi ne ɗan jagora, shi ne mai ɗaukar ledar abinci.

A aljihunsa akwai wani ƙaramin littafi. In suka zauna hutawa, sai ya zaro shi a hankali. Ba zai karanta layi biyu ba sai ya ji, "Kashim, zo ka ɗauke mu hoto!" Sai ya mayar da littafin ya tashi yana murmushi.

Yaron yana ganin haka. Sai ya kawar da kai ya kalli ruwa.

Wata safiya bayan sallar asuba, Usaini ya leƙa ɗan wurin girki. Ya tarar da Kashim yana juya tukunya da hannu ɗaya, littafi a ɗaya hannun, yana maimaita kalmomi ƙasa-ƙasa. Albasa ta ƙone bai ma sani ba.

Usaini ya dawo ya ja yaron gefe.

"Mu koma yau," in ji shi.

"Don me?"

"Bawan Allahn nan ba ya samun karatu. Mun tare masa ɗaki, mun tare masa rana."

"Shi ya ce maka mu tafi?"

"Zai ce ne?"

Yaron ya ce, "Gobe. Yau ne za mu shiga kwalekwale. Ba za mu zo har nan mu koma ba mu hau ruwa ba."

Gobe ta yi, sai ya tuna akwai wani lambu da ba su gani ba. Haka aka yi ta yi, har ana gobe jarrabawa. Ran nan ne suka ɗaure kaya.

Usaini ya ce wa Kashim, "Ka zauna, mun gane hanya."

"A'a, ina! A ce baƙina sun tafi ban raka su ba? Ya Zara ta ji ai sai ta ci mutuncina."

Tashar tana da nisa. Kashim ya ɗauki jakar yaron a kafaɗa, ya kai su har ƙofar jirgi, ya saya musu gurasa da dabino. Bai tafi ba sai da jirgin ya motsa.

Ta taga yaron ya hango shi yana sauri, har yana haɗawa da gudu. Wani abu ya ɗan tsaya masa a rai. Amma Badaru ya miƙo waya yana cewa, "Dubi yadda na fito a nan!" Shi ke nan, ya manta.

Aka kwana biyu bai ji daga Kashim ba. In ya kira, sai a gaisa sama-sama. Da ya tambayi jarrabawa, Kashim ya ce, "Mun gode Allah," ya canja magana.

Rannan da la'asar wayarsa ta yi ƙara. Barira ce. Ya durƙusa kamar tana gabansa, ya fara gaisuwa. Ta amsa a taƙaice.

"Kai ɗan nan, ka ji abin da ya sami Kashim?"

"A'a, Inna. Lafiya?"

"Ya faɗi jarrabawa."

"Inna lillahi!" in ji yaron.

Ta ci gaba. "Ranar kasuwa Ya Zara ta zo Ajingi sayen gyaɗa, ta biyo ta gida. Ka san abin da ta ce mini? Godiya ta yi. Ta ce an gode da zumunci, an je an duba mata yaro. Ni kuwa na ga hotunan da ka turo, na san lokacin da kuka je. Na rasa inda zan sa fuskata."

"Inna, na tambaye shi fa. Ya ce ba komai."

"Me kake so ya ce? Ya ce ku ɗauki jakunkunanku ku fita? A gidan wa aka koya masa haka?"

Ba ta tsaya nan ba.

"Ka tuna shekarar da baƙi suka zo mana daga Kano ana tsakiyar cirar gyaɗa? Babanka ya bar gona ya zauna da su. Su ma sun tambaye shi, ya ce ba komai. Ruwa ya sauka a kan gyaɗar da ke shanye, rabinta ta lalace. Wa ya koma bayan ɗaki yana tsaki ran nan?"

"Ni ne, Inna."

"Me ka ce?"

"Na ce ba su da ido ne."

"To kai ina ka bar naka?"

Ya ji ta miƙa wayar. Muryar Malam Gwadabe ta fito. Shi ba mai yawan magana ba ne.

"Ka ji abin da uwarka ta ce. Gidan su Kashim sun ci da kai shekara da shekaru. In yaron nan ya dawo Gaya da jakarsa babu karatu, ni ba zan iya bi ta ƙofar gidansu ba. Saura masa dama ɗaya. Ka san yadda za ka yi."

"To, Baba."

Yaron ya zauna a bakin gado ya yi tagumi. Ya tuna littattafan da aka tura ƙarƙashin gado. Ya tuna sallayar bakin ƙofa. Hawaye suka zubo masa. Nan take ya jawo jaka ya fara cusa kaya. Ya ce a ransa da safe zai hau jirgi ya je ya ba Kashim haƙuri.

Da gari ya waye ya fito da jakarsa. A ƙofar gida ya yi karo da Malam Abdulsalam. Shi babban ɗalibi ne da ya daɗe a Masar. Shi ke koya musu Larabci da yamma, shi ke kula da yaran da suka zo daga gida.

"Ina zuwa da sassafe haka?" in ji Malam.

Yaron ya kwashe labari duka ya gaya masa. Bai rage komai ba.

Malam ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "To, in ka isa, wa zai dafa abinci?"

"Kashim, Malam."

"Wa zai kwana a ƙasa?"

"Shi ne, Malam."

"Wa zai raka ka tasha?"

Yaron ya sunkuyar da kai.

"Ke nan za ka je ba shi haƙuri, ka sake cinye masa lokaci. Kai ka sauke nauyin da ke ranka, shi ka ƙara masa nasa."

"To yaya zan yi, Malam?"

"Shi dai mun ga ya iya karɓar baƙo. Kai ka iya?"

Yaron ya ɗago kai. Ya gane.

Malam ya ce, "In ya zo nan, zan riƙa zuwa bayan la'asar ina yi masa tambayoyi kamar yadda za a yi masa a can. Sauran yinin naka ne. Amma ka tuna, tafiyar kudu a makonnin nan take."

Yaron ya manta da wannan. Makarantarsu ta shirya kai ɗalibai kudancin ƙasar a jirgin ruwa, su bi Kogin Nilu su ga tsofaffin gine-gine. Tun farkon shekara yake ɗokin tafiyar. Kuma ɗaliban shekarar farko kaɗai ake kaiwa.

"Ba zan je ba, Malam," in ji shi.

"Ka tabbata? Ba na son ka fara ka dawo kana yi wa yaro fuska."

"Na tabbata."

Da ya gaya wa abokan ɗakinsa, Badaru ya riƙe baki. "Kai? Kai da kake mafarkin jirgin nan har kana magana cikin barci?"

Usaini ya ce, "Ni ma sai in zauna. Ai tare muka yi laifin."

"A'a, ku tafi. Kai ka faɗa mini gaskiya, ni na ƙi ji. Kuma ɗakin nake so ya zama shiru."

Sannan ya kira Kashim.

"Na ji abin da ya faru," in ji shi. "Ka yafe mini."

"Haba, mutumina. Ƙaddara ce. Ni ne ban yi ƙoƙari ba."

"Kashim, bar wannan. Na ga littattafanka, na ga kana son karatu, na kawar da kai don ina son ganin ruwa. Faɗa mini gaskiya."

Kashim ya yi ajiyar zuciya.

"Gaskiya, da na buɗe ƙofa na gan ku, na yi murna. Kuma gabana ya faɗi. Da na zauna gaban malamai, kaina babu komai sai ƙarar ruwa. Ina jin tsoro, mutumina. Ban san da wane ido zan kalli Ya Zara ba in aka mayar da ni."

"Ba za a mayar da kai ba, in sha Allahu. Ɗaure littattafanka ka taho Alƙahira. Malaminmu, Malam Abdulsalam, yana jiranka."

"Kada in takura maka."

"Ni ba zan ce maka ba komai ba. Akwai komai. Abincina babu daɗi, kuma ina minshari. Ka taho haka nan."

Kashim ya yi dariya, karo na farko tun da suka fara magana.

Ya zo. Yaron ya ba shi gadon da ya fi kusa da taga, ya share masa tebur. Shi ke girki, shi ke wanke-wanke, shi ke wanki. In Kashim ya ɗauki tsintsiya, sai ya fizge.

Ranar farko ya tuƙa tuwo, ya fito duk gudaji. Kashim ya ɗauki loma ɗaya ya juya ta a hannu.

"Manomin gyaɗa, tuwo ne wannan ko tsakuwa?"

"Faɗa da Larabci, sannan in amsa maka."

Doka ce ya kafa. Daga safe har magariba ba a Hausa a ɗakin. In Kashim yana son ruwa, sai ya nema da Larabci. In yana son ya yi wa tuwo tsiya, sai da Larabci. Kullum da hantsi yaron zai tura shi kantin wani dattijo Balarabe mai yawan surutu, ya sayo gurasa. Dattijon ba ya sakin mutum sai ya tambaye shi garinsu, da abin da ake nomawa, da yawan 'yan'uwansa. Da farko Kashim yakan dawo yana gumi. Daga baya sai ya riƙa daɗewa, ana jiyo dariyarsu daga bene.

Bayan la'asar Malam Abdulsalam zai zo, ya zauna ya ɗaure fuska.

"Ba ni labarin garinku," zai ce da Larabci.

Kashim zai fara, ya sarƙe, ya tsaya.

"Ba a tsayawa. In kalma ta ɓace maka, bi ta wata hanya. Sake."

Su Usaini suka tafi kudu. Hotuna suka fara shigowa wayar yaron. Ga Badaru a kan jirgin ruwa ya buɗe hannuwa. Ga wasu ginshiƙan dutse da suka fi rimi tsawo. Yaron ya kalla, ya kalla. Ransa ya sosu, ba ƙarya. Sai ya kife wayar ya koma yankan albasa.

Kashim ya lura. Ya ce da Hausa, a hankali, "Saboda ni ka rasa wannan."

"Saboda ni ka rasa abin da ya fi wannan. Kuma magariba ba ta yi ba. Larabci."

Da ranar jarrabawa ta zo, yaron ya raka shi har Iskandariyya. Shi ya ɗauki jakar. A jirgi bai bar shi ya buɗe littafi ba. Hira kawai suka yi ta yi, duk da Larabci, har wata tsohuwa da ke kusa da su ta sa baki.

A ƙofar makarantar Kashim ya tsaya.

"In na sarƙe fa?"

"Ka ɗauka mai gurasa ne yake tambayarka. Shiga da bismillah."

Yaron ya zauna a kan benci ƙarƙashin wata bishiya. Bai je ko'ina ba. Ya yi addu'ar da ya iya, ya sake yi. Ɗalibai suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, wasu da fara'a, wasu ido ja wur, don a nan take malamai ke faɗa wa mutum matsayinsa.

Can sai ga Kashim. Fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ya zo ya zauna a bencin bai ce komai ba.

"Yaya?" in ji yaron. "Kashim, yaya? Yi magana mana!"

"Sun ce in ba su labarin abinci mafi muni da na taɓa ci."

"Sai ka ce me?"

"Sai na ba su labarin tuwonka. Babban malamin ya yi dariya har da hawaye." Kashim ya kasa riƙewa, ya fashe da dariya. "Na ci, mutumina! Na ci!"

Yaron ya faɗi ya yi sujada a nan ƙasa. Ya tashi ya rungume abokinsa.

Suka kira Gaya. Ya Zara ta rangaɗa guɗa har sai da Kashim ya janye wayar daga kunnensa. Ta yi ta sa wa yaron albarka, tana cewa, "Ɗana, Allah ya saka maka. Allah ya bar ku tare."

Sannan suka kira Ajingi. Barira ta saurara har suka gama.

"To, alhamdu lillahi," in ji ta. "Kai ɗan nan, abin da ka ɓata ka gyara. Ba a ba mutum tukuici a kan wannan."

"Haka ne, Inna."

Da ta sake magana, muryarta ta yi laushi. "Allah ya yi maka albarka. Babanka ya ce gobe zai je Gaya yi musu barka."

Da suka ajiye waya, Kashim ya kama hannunsa. "Taso mu je ɗaki in dafa maka abincin kirki."

Yaron ya dube shi da kyau. Idanun Kashim sun faɗa, yana hamma yana ɓoyewa.

"Me kake so ka yi yanzu? Gaskiya fa."

Kashim ya sosa ƙeya. "Gaskiya? Barci."

"To je ka yi barcinka. Ni na san hanyar tasha. Ranar da ka huta, ka kira ni da kanka, zan zo. Kuma ka tanadi kifi."

Ya ɗauki hanya shi kaɗai, zuciyarsa wasai.

To, yara, ku ji da kyau. Ziyara abu ne mai kyau, ganin ƙasa ma ba laifi ba ne. Amma kafin ku je wurin mutum, ku tambayi halin da yake ciki. In kun isa, ku buɗe ido. Mai gida mai kunya ba zai taɓa cewa kun takura masa ba. Ku ne za ku duba ku gane, ku ɗauki takalmanku tun bai cutu ba. In kuwa kun riga kun cuce shi, kada ku tsaya a kan "yi haƙuri". Ku tashi ku gyara, ko da za ku rasa abin da ranku yake so.